Ƙanwata Tana Da Ciwon Zuciya: Za Ta Iya Karatu, Aure Da Haihuwa?

Tambaya: Ƙanwata shekararta 19. Tun tana ƙaramar sakandare likitoci suka ce ƙofar zuciyarta ta lalace sanadiyyar ciwon maƙogwaron da ta sha fama da shi tana yarinya. Ana yi mata allura duk wata, tana kuma shan magunguna. Yanzu ta samu gurbin karatu, ga mai neman aurenta, amma mahaifiyarmu ko shara ba ta bari ta yi. Ita kuma ta koma shiru-shiru, ba ta fita ko'ina. Wace irin rayuwa mai wannan ciwo zai iya yi, kuma me ya kamata mu yi mata?

Amsa: Malam, Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka maka da alheri a kan kulawar da kake yi. Yawancin matasa masu irin wannan ciwo suna karatu, suna sana'a, suna aure, da yawansu har su haihu, muddin an san matakin da ciwon ya kai kuma an riƙe magani da gaske. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne ƙarshenta: yarinya mai shekara 19 ta yi shiru, ta daina fita. Wannan ma abin nema wa magani ne, kuma rabin maganinsa yana hannunku a gida.

Bari mu fara da sanin abin da ke jikinta. Wata ƙwayar cuta ce mai suna sitireftokokas take kama maƙogwaron yaro, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 15. Idan ba a kashe ta da maganin da ya dace ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yara sai ta rikice, ta koma tana yaƙar gaɓoɓi da zuciyar yaron kansa. Sai ka ga zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. Gaɓoɓin suna warkewa tas, zuciya ce ke ɗaukar tabo. Ƙofar da ta fi lalacewa ita ce wadda ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na ɓangaren hagu, wadda likitoci ke kira maitral. Ko dai ta tsuke jini ya riƙa wucewa da ƙyar, ko ta ƙi rufuwa jini ya riƙa komawa baya, ko duka biyun. Faɗin lafiyayyar ƙofa yana kai murabba'in santimita 4 zuwa 6. Idan ya ragu zuwa 1.5 ko ƙasa da haka, tsukewar ta yi tsanani. Ciwon ba ya yaɗuwa daga ita zuwa miji ko ƙawa, kuma ba gado ba ne irin na sikila.

Duk shawarar da za ta biyo baya ta rataya ne a kan hoton zuciya da ake kira eko. Idan an fi shekara ba a yi mata ba, a yi sabo a asibitin da ke da likitan zuciya, kamar asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri. Ku nemi likitan ya gaya muku dalla-dalla, ku kuma rubuta: wace ƙofa ce, tsukewa ce ko yoyo, a wane mataki take, ƙarfin bugun zuciyar bai ragu ba, jinin huhu bai hau ba, kuma bugun yana tafiya daidai ko ya fara harhaɗewa. Iyalai da yawa suna shekara biyar suna zuwa asibiti, abin da suka sani kawai shi ne "ciwon zuciya ne". Da wannan kaɗai ba za a iya yanke maganar makarantar kwana ba, balle ta ciki.

Ba zan ɓoye maka cewa ciwo ne mai kisa idan aka yi sakaci ba. Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin ɗari suka rasu. Sai dai a cikin wannan binciken aka ga cewa kashi 55 cikin ɗari ne kacal ke samun rigakafin fenisilin, kuma yawancinsu sai da ciwon ya yi nisa suka isa asibiti. Ƙanwarka an gano nata da wuri, tana kuma kan allura. Wannan babban bambanci ne.

Akwai wani binciken da nake so mahaifiyarku ta ji labarinsa. An buga shi a 2016, an tambayi manya sama da 4,000 a ƙasashe 15 waɗanda aka haifa da nakasar zuciya yadda suke jin daɗin rayuwarsu, daga sifili zuwa 100. Matsakaicin makin da suka bayar 80 ne. Girman nakasar da ke cikin hoto bai nuna wanda zai ji daɗi da wanda ba zai ji ba. Abubuwan da aka samu tare da ƙarancin jin daɗi su ne rashin aikin yi, rashin taɓa yin aure, da yawan kasawar jiki a hidimar yau da kullum. Ƙasashen ba namu ba ne, irin ciwon ma ya bambanta da nata, amma darasin ya shafe ku kai tsaye: wanda aka raba shi da aiki da mutane don a tsare masa zuciya, an rage masa rayuwa ta wata hanyar.

Likitoci suna auna kasawar jiki a mataki huɗu, kuma kai ma za ka iya lura da su a gida. Mataki na ɗaya, tana hidimarta ba ta haki. Na biyu, sai ta hau bene ko ta yi tafiya da sauri take haki. Na uku, ɗan aiki kaɗan kamar wanka ko zuwa bakin titi yana tsayar da ita. Na huɗu, ko a zaune take numfashi yana mata wuya, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashin kai. Mai mataki na ɗaya da na biyu babu dalilin zaunar da ita. Mai na uku da na huɗu tana buƙatar a gyara magani ko a fara maganar aikin tiyata, ba a ƙara mata kwanciya kawai ba.

Yanzu maganar allura, wadda ita ce ginshiƙin komai. Sunanta benzatin fenisilin. Ba ta gyara ƙofar da ta lalace. Aikinta hana ƙwayar cutar sake kama maƙogwaro, domin duk dawowar zazzaɓin tana ƙara wa ƙofar tabo. Wanda ya kai kilo 30 ana yi masa ma'auni miliyan 1.2 a tsoka, wanda bai kai ba 600,000, wasu asibitocin kuma suna sa iyakar a kilo 27. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafi da "wata-wata". Kwana 28 ake ƙirgawa, wato allura 13 a shekara ba 12 ba, kuma wasu likita zai mayar da su kwana 21. Maganin yana raguwa a jini a ƙarshen mako na huɗu, don haka duk ranar da aka ƙara rana ce da take ba kariya. Idan ta makara, a yi a ranar da aka tuna, kada a ce a bari sai wata mai zuwa. Mai tabo a ƙofa kan ci gaba da ita aƙalla shekara 10 daga zazzaɓin ƙarshe ko har ta kai shekara 40, wanda duk ya fi tsawo, wasu kuma har iya rayuwa. Amfaninta ba zato ba ne. A arewacin Yuganda an gwada ta a kan yara masu ciwon a matakin farko: cikin shekara biyu ciwon ya ci gaba a ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na masu allura, amma ya ci gaba a kashi 8 na waɗanda ba a yi wa ba.

Allurar tana da zafi, kuma zafin ne ke korar matasa da zarar sun fara yanke wa kansu shawara. Ana iya rage shi sosai. A bar kwalbar ta ɗumama a tafin hannu kafin a yi. Idan ta gari ce, ma'aikacin lafiya zai iya dama ta da maganin kashe zafi na lidokain mai kashi 1 cikin ɗari maimakon ruwan allura zalla. A danna wurin da babban yatsa na daƙiƙa goma kafin a soka, a tura maganin a hankali cikin minti biyu zuwa uku, a riƙa sauya ɓangare. Kada ta je da yunwa ko ƙishirwa. Ta ci abu ta sha ruwa kamar rabin awa kafin nan, a yi mata a kwance, ta zauna a wurin minti 15 zuwa 30 bayan an gama. Wannan yana da muhimmanci, domin masu tsananin tsukewar ƙofa ko raunin zuciya suna iya suma mai haɗari bayan allurar, har likitoci sukan mayar da irinsu kan ƙwayar fenisilin ta sha, miligiram 250 safe da yamma. Likitan zuciyarta ne zai yanke wannan, ba mai kyamis ɗin unguwa ba. Kuma a yi allurar a wurin da ke da adirenalin a ajiye, wato allurar gaggawa da ake yi wa wanda jikinsa ya ƙi maganin farat ɗaya.

Sai motsa jiki, inda tsoron mahaifiyarku yake. Tsoronta yana da tushe, amma zaman wuri ɗaya yana raunana tsoka, raunanniyar tsoka kuma tana sa haki da wuri, hakin ya ƙara tsorata gida, a ƙara zaunar da ita. Idan likita ya tabbatar tana mataki na ɗaya ko na biyu, ta fara da tafiyar minti 10, kwana biyar a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, tana ƙara minti biyu zuwa biyar duk mako har ta kai minti 30. Ma'aunin mai sauƙi ne: in tana iya hira tana tafiya, daidai ne, in magana ta gagara, ta rage sauri, in ta ji jiri, ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba tsari, ta tsaya a sanar da likita. Shara, wanke-wanke, girki, ɗinki, zuwa islamiyya da biki duk nata ne. Abin da za ta guje wa shi ne aikin da ake riƙe numfashi a yi nishi: ɗaukar jarka mai lita 25, jan guga daga rijiya mai zurfi, dogon daka, ko tura kaya. Da namiji ne da na ƙara da turin ruwa, dako da ɗaga ƙarfe. Mai tsukakkiyar ƙofa tana da dalili na musamman: idan zuciya ta yi sauri, lokacin da jini ke samu ya ratsa ƙofar yana raguwa, sai ya taru a huhu. Shi ya sa zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini ko gudu a rana ke iya jefa ta cikin haki farat ɗaya. Ta kwana a gidan sauro, a kuma duba yawan jininta lokaci-lokaci.

Karatu kam ta tafi. Kafin ta tafi, a karɓo takardar likita a kai asibitin makarantar, a shirya inda za a riƙa yi mata allura, a nema mata ɗaki a ƙasa da gadon ƙasa, kusa da ruwa. Idan tana shan maganin fitsari irin Lasix, ta sha da sassafe. Yakan fara aiki cikin awa ɗaya ya ɗauki kamar awa shida, don haka ranar jarrabawa za ta iya jinkirta shi zuwa bayan ta fito maimakon ta tsallake shi gaba ɗaya. In sau biyu take sha a yini, na biyun kada ya wuce la'asar don kada ya hana ta barci. Manyan makarantu a Nijeriya suna da inshorar lafiyar ɗalibai da ake biya cikin kuɗin rajista. Ta tambayi abin da ya ƙunsa. In ta kai hidimar ƙasa, takardar likita tana ba da damar a ɗauke mata atisaye a kuma mayar da ita kusa da asibitinta.

A nan ne kuma ake yawan rasa matasa. Shekara da shekaru uwa ce ke riƙe da kati, ita ke tuna ranar allura, ita ke amsa wa likita tambaya yarinya tana gefe. Ranar da yarinyar ta bar gida, ba ta san sunan maganinta ba. Tun yanzu a miƙa mata ragamar. Ta mallaki littafi guda da ke ɗauke da sunan ciwon, sakamakon eko na ƙarshe, sunayen magunguna da ma'auninsu, da ranakun allura, ta ɗauki hotonsu a waya. Ita za ta riƙa yi wa likita bayani, a kuma bar su su biyu na ɗan lokaci, domin akwai tambayar al'ada da ta aure da ba za ta yi a gaban yayanta ba.

Abinci ba ya buƙatar tukunya daban. Gishiri ne abin lura, saboda yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a dukkan abin da ya ci. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, haka ƙullin da ke cikin taliyar leda, ga yajin tsire da kilishi. Kanwa ma dangin gishiri ce a wajen zuciya, ko a ɗanwake ko a miyar kuɓewa. A rage wa gida duka, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa. Kada a hana ta ruwa sai likita ya ce. Idan ya iyakance shi, yawanci lita ɗaya da rabi zuwa biyu ne, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, har da koko da shayi a lissafin. Sikelin awo a gida yana da amfani ƙwarai: ta hau kowace safiya bayan ta yi fitsari, kafin karin kumallo. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ke taruwa, kuma yakan bayyana a sikeli kafin ƙafa ta kumbura. Akasin haka, in ta kamu da gudawa ko amai tana kan maganin fitsari da irin su lisinofiril, maganin zuciya da hawan jini, a tuntuɓi likita a ranar, domin ana iya dakatar da su na ɗan lokaci don kare ƙoda.

Ba ka faɗi magungunanta ba. In akwai wafarin a ciki, maganin tsinka jini da ake bai wa masu harhaɗaɗɗen bugu ko waɗanda aka sauya wa ƙofar zuciya da ta ƙarfe, to yana buƙatar kulawa ta daban. Gwajin jini mai suna INR ne ke nuna ko ya yi daidai: 2 zuwa 3 ga mafi yawa, 2.5 zuwa 3.5 ga mai ƙofar ƙarfe a maitral. Ƙasa da haka jini na iya daskarewa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, sama da haka zubar jini. A yi gwajin aƙalla duk mako huɗu. Ta sha a lokaci guda kullum, in ta manta har gari ya waye kada ta ninka. Ganye irin zogale, alayyahu, rama da kabeji suna rage masa ƙarfi, amma ba a hana ta ci. Abin da ake so ta ci gwargwado iri ɗaya, kada a yi mako ana kwaɗon zogale kullum da damina sannan a yi wata ba a gan shi ba. Flagyl, Septrin da maganin ƙaiƙayin gaba na fulukonazol suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle, maganin tarin fuka na rifamfisin kuma yana kashe masa ƙarfi. Duk sabon magani a sake gwaji cikin kwana uku zuwa biyar. Na ciwon jiki irin ibufurofen da diklofenak ta bar su ko ba ta shan wafarin, domin suna riƙe ruwa suna kuma cin ciki. Farasitamol ya ishe ta. Za ku iya jin an ce akwai sabon maganin tsinka jini da ba ya buƙatar gwaji. An gwada ɗaya daga cikinsu, ribaroksaban, a kan masu irin ciwonta sama da 4,500, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna masu shan wafarin sun fi tsira. Kada a sauya mata. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen kayan mata da ake ɗura wa amare kuwa, ba wanda ya san abin da ke cikinsu, ta nisance su.

Haƙori yana da alaƙa da zuciya fiye da yadda ake zato. Ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi mai jini suna bin jini su zauna a kan ƙofar da ta lalace. Ta goge baki safe da dare, ta ga likitan haƙori ko da sau ɗaya a shekara, ta gaya masa ciwonta kafin ya taɓa ta. Tsaga, ƙaho, sakiya da cire beli a wajen wanzami duk ƙofofin shigar cuta ne. Zazzaɓin da ya wuce mako ana ta maganin maleriya da taifot bai sauka ba, a je a ɗebi jini a shuka a gano ƙwayar cutar kafin a fara wani maganin.

Azumi ya danganta da mataki. Mai mataki na ɗaya ko na biyu da ciwonta ya lafa takan iya, bayan likita ya tsara mata lokutan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, wata guda kafin Ramadan. Mai tsananin tsukewa, hawan jinin huhu, ko wadda aka kwantar kwanan nan, ta karɓi rangwamen da Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara, ta tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Ranar allura ba ta ɗaguwa saboda azumi. In ana tsoron yi mata da yunwa, a shirya ta bayan shan ruwa.

Maganar aure ita ce na fi so ku natsu a kanta. Ciwon ba ya hana aure, kuma wadda ke iya hawa bene hawa biyu ba tare da tsayawa ba, galibi zaman aure ba zai gagare ta ba. A gaya wa mai neman gaskiya kafin a sa rana. Na san ana tsoron ya gudu, amma mijin da bai sani ba shi ne zai ga allurar wata-wata a matsayin ɓarnar kuɗi, ya matsa a haihu a shekarar farko, danginsa su ce ragguwa ce. Ya fi kyau su je wajen likitan tare ya ji da kunnensa.

Ciki ne babban gwaji. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, bugun zuciya yana ƙara sauri, nauyin da ke kan zuciya kuma yana kai ƙololuwa wajen wata na bakwai. Ƙofa mai ɗan yoyo takan jure wannan. Ƙofar da ta tsuke sosai ba ta jurewa, kuma mata da yawa a cikin farko ake fara gano ciwonsu, huhu ya cika da ruwa. Mai tsananin tsukewa, mai hawan jinin huhu, da wadda eko ya nuna ƙarfin bugun zuciyarta ya faɗi ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, ana ba su shawarar kada su ɗauki ciki sai an gyara abin da zai gyaru. Ba a fafe gora ranar tafiya: eko da ganin likitan zuciya su zo kafin ciki, domin a sauya magunguna. Lisinofiril da danginsa suna cutar da ɗan tayi. Wafarin yana iya nakasa shi musamman tsakanin mako na 6 zuwa na 12, amma mai ƙofar ƙarfe in ta daina shi da kanta ƙofar na iya toshewa, don haka ranar da al'ada ta makara ranar za ta je asibiti. Allurar fenisilin ba ta da illa ga ciki, a ci gaba da ita. Har zuwa lokacin da aka shirya, tana buƙatar tazarar haihuwa mai aminci. Ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin istirojin suna ƙara daskarewar jini, ba su dace da yawancin masu irin ciwonta ba. Ashanar hannu ko robar mahaifa mai sinadari sun fi, ta biyun ma tana rage yawan jinin al'ada ga mai shan wafarin. A binciken REMEDY ƙasa da kashi 4 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa ne ke amfani da wata hanyar tazara, kuma ina ganin wannan na cikin manyan giɓin da ke cinye mana 'yan mata.

Haihuwa a babban asibiti za a yi, ba lallai da tiyata ba. Kwana biyu zuwa uku na farko bayan haihuwa suna da haɗari, domin jinin da ke mahaifa yana komawa jiki gaba ɗaya, don haka kada a yi gaggawar sallama. Kunun kanwa, wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta ba nata ba ne. A gaya wa iyaye mata wannan tun da wuri, kuma daga bakin likita. Shayarwa ba matsala ko tana kan wafarin.

Idan aka zo maganar aiki, akwai zaɓi. Tsukakkiyar ƙofa da ba ta ƙandare ba ana iya buɗe ta da balan-balan ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba. In sauyawa za a yi, ƙofar ƙarfe tana daɗewa amma wafarin har abada, ta naman dabba kuma ba ta buƙatarsa amma tana saurin lalacewa a jikin matasa, sau da yawa cikin shekara goma a sake aiki. Ga budurwar da ke son haihuwa, wannan shawara ce da dole a yi da ita a zaune. An fara aikin buɗe zuciya a Nijeriya tun 1974 a Inugu, ana kuma yi a wasu cibiyoyi yanzu, sai dai tsada. Cibiyar Salam da ke Khartum, wadda ƙungiyar agaji ta Emergency ta buɗe a 2007, ta yi wa dubban 'yan Afirka kyauta, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa zuwa can ya yi wuya. Ku fara tambaya da tanadi tun ba a matsu ba, domin aikin da aka yi kafin zuciya ta gaji ya fi kyan sakamako. Bayan aiki ma allura tana nan.

Mu koma kan shirun nata. Matashi mai ciwon zuciya yana ɗauke da tambayoyin da ba ya furtawa: zan kai shekara talatin, wa zai aure ni, kuɗin maganina ne ya hana ƙannena wani abu. Idan ta yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ba ta sha'awar abin da take so a da, barci ko cin abinci ya rikice, tana cewa ta zame muku nauyi, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Yana kuma sa mutum ya watsar da maganin zuciyarsa. A gaya wa likitanta, ya haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. In ta taɓa ambaton gara ta mutu, a ranar za a kai ta. Kai kuma ka zauna da ita ba don nasiha ba, ka tambaye ta abin da take tsoro da abin da take so ta karanta, ka saurara. A daina gabatar da ita ga baƙi da "mara lafiyarmu". Ita ke da ikon zaɓen wanda za ta gaya wa cikin ƙawayenta, amma ko da mutum ɗaya a ɗakin kwananta ya sani. In asibitin na da ranar masu irin ciwonta, haɗuwa da wata da ta yi aure ta haihu tana kan allura zai yi mata abin da bakinku ba zai yi ba. Mahaifiyarku kuwa kada a yi mata gardama. Shekaru ta yi tana kwana da fargaba. A tafi da ita asibiti, a tambayi likita a gabanta, aiki ɗaya bayan ɗaya, wanne yarinyar za ta iya.

Kowa a gidan ya san alamun da ba a jira da su gari ya waye: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana, suma, tarin jini, numfashin da ya hana kwanciya, baƙin bayan gida kamar kwalta ko jinin da ya ƙi tsayawa. Ku san asibitin da za ku nufa da wanda zai ɗauke ku da dare, littafinta kuma ya kasance a inda hannu zai kai.

Ƙannenku da ke gida ɗaya suna cikin yanayin da ya jawo mata ciwon, musamman in ana kwana da yawa a ɗaki. Duk yaron da ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ba tari ba mura, a kai shi asibiti cikin kwana biyu. Maganin allurar benzatin ɗaya ce, ko amoksisilin na kwana 10 cif, ba a tsayawa a kwana na uku don zafi ya tafi. Wanda kuma ya taɓa kumburin gaɓoɓi mai yawo, ko yake haki fiye da sa'o'insa a wajen wasa, a yi masa eko shi ma.